Yaushe Ake Cewa Fili Ya Cika? Daga Ƙofar Mata Zuwa Wembley

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu sha'awar karatu.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wani musu ne da aka tafka a teburin mai shayinmu a nan Ƙauyen Alu. Ranar Lahadi ce da daddare, waɗanda suka je kallon Pillars sun dawo. Wani abokina, muryarsa duk ta dishe, ya ce, "Yau fa fili ya cika maƙil, ba masaka tsinke!" Sai wani ƙaninmu da bai je ba ya zaro waya ya nuna masa hoto, ya ce, "Yaya, to wannan ɓangaren fa? Ga kujeru nan ba kowa." Abokina ya ce ai tun kafin a take wasa aka ɗauki hoton. Aka yi ta ja-in-ja. Can sai wani dattijo ɗan kasuwa da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Samari, ni tambaya ɗaya gare ni. Tikiti nawa aka sayar?" Wallahi kowa sai ya yi tsit.

Na koma gida da tambayar nan a raina. Mu ukun nan da muka yi magana, ashe kowa da abin da yake nufi da "cika". Na farko jikinsa ne ya gaya masa, domin an matse shi har ya kasa motsi. Na biyu kujera yake ƙirgawa. Na uku kuɗi yake ƙirgawa. Idan ka bi tarihin filayen wasa na duniya, kusan duk rigima ce tsakanin waɗannan lissafi uku: kawunan mutane, kujeru, da tikiti.

Bari mu fara daga gida.

Kafin Ƙofar Mata ta zama cibiya, manyanmu filin Sabon Gari suka sani. Kano kuwa ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Tun a 1978 Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, Sai Masu Gida. Daga baya babban fili na Ƙofar Mata, wanda ke ɗauke da sunan Janar Sani Abacha, ya zama gidanta.

Wannan fili ya ga manyan baƙi. A 1999 an buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Najeriya, Kano na cikin garuruwan da suka karɓi wasa, har ma a nan Najeriya ta fitar da Ireland a bugun fenareti. A 2000, da Najeriya da Ghana suka haɗu suka ɗauki gasar cin kofin Afirka, filaye huɗu kawai aka yi amfani da su: Accra, Kumasi, Legas da Kano. Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso a Ƙofar Mata suka buga mafi yawan wasannin rukuninsu. A 2009 kuma gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta sake zuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka ɗauki wayarka yanzu ka bincika mutum nawa filin Sani Abacha ke ɗauka. Wani wuri za ka ga 25,000, wani wuri ka ga 16,000. Fili ɗaya fa, bambancin mutum 9,000. Ba lallai wani ne ya yi ƙarya ba. Dakalin siminti ba ya da iyaka, in aka ce "ɗan matsa mana" sai mutum goma sha biyar su zauna a wurin mutum goma. Amma da zarar an ɗaura kujerar roba mai lamba, kowace kujera ta mutum ɗaya ce. Shi ya sa sau da yawa filin da aka mayar na kujeru zalla adadinsa kan ragu. Don haka idan ka ji an ce Ƙofar Mata ta cika, ka tambaya: da wane ma'auni?

Ni kaina ina cikin waɗanda suka ɓata wannan lissafin, gara in faɗi gaskiya. Muna yara, lokacin ba a hana acaɓa a Kano ba, mukan haɗa ɗan abin da muke da shi mu hau bas daga Unguwa Uku, mu bi titin Zariya, mu wuce Asibitin Malam da Gyaɗi-Gyaɗi da Dangi, mu ɓulla Ƙofar Nassarawa, sai mu ƙarasa da ƙafa. Kuɗin mota ne kawai a aljihunmu, babu na tikiti. Dabarunmu biyu ne. Ko dai ka samu wani babba mai fara'a a layi ka riƙe masa hannu ka ce, "Baba, don Allah ka shiga da ni," ka zama ɗansa na minti biyar. Ko kuma ka haƙura ka tsaya a waje kana sauraron ihu, har wasa ya kusa tashi a buɗe ƙofa saboda masu fita, sai ku kuma ku danna ciki ku kalli ɗan abin da ya rage. Mun cika fili, mun yi ihu, mun dawo gida muna ba da labari. Amma a littafin mai sayar da tikiti, babu mu a duniya.

Kuma kar ku ɗauka wannan halin Kanawa ne kaɗai. Turawan da suka kawo mana ƙwallon sun riga mu.

A 1923 aka buɗe filin Wembley na Landan da wasan ƙarshe na kofin FA, tsakanin Bolton da West Ham. Masu shirya wasan sun ɗauka filin ya fi ƙarfin a cika shi, don haka ba su wajabta sayen tikiti tun kafin ranar ba, kowa ya zo ya biya a ƙofa. Sai ga jama'a kamar fari. Aka haura katanga, aka karya shinge, mutane suka malalo har cikin filin da za a buga wasa. Sai da 'yan sanda a kan dawakai suka riƙa tura mutane baya a hankali, ciki har da wani mai farin doki da hotonsa ya shahara, kafin a iya take ƙwallo. Adadin da aka rubuta a hukumance 126,047 ne, amma masu ƙiyasi suna cewa an haura 200,000. Tun daga wannan rana aka mayar da wasan ƙarshe na kofin FA sai mai tikiti a hannu. Kun ga ke nan, asalin maganar "tikiti ya ƙare" tsoro ne ya haife ta.

Haka a Brazil a 1950, ranar da Uruguay ta doke masu masauki 2-1 a filin Maracana ta ɗauke kofin duniya. Waɗanda suka biya kuɗi 173,850 ne a rubuce, amma ana ƙiyasin kusan 200,000 ne suka shiga. Yau wannan filin, bayan an zuba masa kujeru, bai kai 80,000 ba.

Mu dawo Najeriya. Ranar 22 ga Maris 1980, a babban filin Surulere na Legas, Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 ta ɗauki kofin Afirka karon farko. An rubuta mutum 85,000 ne suka kalla, a filin da aka gina don kimanin 55,000. A wancan zamanin irin wannan adadi abin alfahari ne. Shekara tara bayan haka, a watan Agustan 1989, a wannan fili dai, ranar wasan Najeriya da Angola da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu, akwai 'yan kallo da su ma suka mutu saboda cunkoso. Sunan Okwaraji kowa ya riƙe shi. Su kuwa an manta da su.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne zuciyar maganar.

Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield a Ingila, Liverpool za ta kara da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. Jama'a suka taru a bakin ƙofa, 'yan sanda suka ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita don rage matsi a waje. Mutane suka kwarara ta wata hanya guda zuwa sassa biyu na tsakiya, waɗanda tuni sun cika, kuma an kewaye su da shingen ƙarfe. Mutum 96 suka rasu, daga baya adadin ya zama 97. Abin da zai ba ku mamaki, a daidai wannan lokacin sassan da ke gefe suna da sauran wuri. Ku tuna musun teburin mai shayi. Mai cewa an matse shi da mai nuna hoton kujeru ba kowa, duk biyun suna iya zama masu gaskiya a lokaci ɗaya. Fili na iya zama bai cika ba, amma wani lungu nasa yana kashe mutane.

Bayan binciken da Mai Shari'a Taylor ya jagoranta, aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila su mayar da filayensu na kujeru zalla. Kuma ƙa'idar da hukumomin can ke bi wajen yanke adadin fili tana da ban sha'awa. Ba kujeru kawai suke ƙirgawa ba. Suna duba abu huɗu: mutum nawa wurin zama zai ɗauka, mutum nawa ƙofofin shiga za su iya shigarwa cikin awa ɗaya, mutum nawa za su iya fita cikin kamar minti takwas in an tashi, da kuma nawa za su iya tsira in gobara ko wani tashin hankali ya auku. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin huɗun nan, shi ne adadin filin. Ko da kana da kujera 30,000, in ƙofofinka na mutum 18,000 ne, to filinka na 18,000 ne. Ƙofar shiga mai juyawa ɗin nan ma sun ƙayyade mata lissafi, mutum 660 a awa.

Afirka ma ta biya nata farashin. A watan Afrilun 2001 mutum 43 suka mutu a Ellis Park na Johannesburg a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, saboda an shiga fiye da kima. Ko wata ɗaya ba a yi ba, ranar 9 ga Mayu, a Accra, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, sama da mutum 120 suka rasu. A Janairun 2022 ma, mutum 8 suka mutu a turereniyar shiga filin Olembe na Yawunde, ranar wasan Kamaru da Comoros.

Ni na taɓa ɗanɗana kaɗan daga irin wannan, a wani fili da ba zan kama sunansa ba. Ƙofa ɗaya aka buɗe, na baya suna turo na gaba. Na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, ƙirjina a manne da bayan wani, ina son in ja numfashi na kasa. Bai fi minti biyu ba, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da na samu kaina a ciki, takalmina ƙafa ɗaya ya tafi. Wani bawan Allah ya miƙo mini ruwan leda ya ce, "Sannu ɗan samari, ka gode wa Allah takalmi ne kawai." Na dawo unguwa ina ba da labarin yadda fili ya cika, ana ta dariyar takalmin. Sai da na girma na gane abin da ya kusa faruwa da ni.

To wancan ɓangare ɗaya ke nan, inda mutane suka fi tikiti yawa. Akwai kishiyarsa, inda tikiti ya fi mutane yawa.

Ku masu kallon Firimiya a gidan kallo, sau nawa kuka ji an sanar cewa mutum kusan 60,000 ne a filin Arsenal, alhali kyamara na nuna jajayen kujeru ba kowa? Dalili shi ne ƙungiyoyi da yawa a can tikitin da aka sayar suke sanarwa, ba mutanen da suka shigo ba. Wanda ya sayi tikitin kaka guda, ko yana kwance a gida da mura, a lissafinsu ya zo. Ga akawun ƙungiya, fili ya cika tunda kuɗi sun shiga. Ga ɗan wasan da ke neman ihun magoya baya kuwa, kujera ba ta ihu.

A Qatar a 2022 ma an ɗan yi ruɗani. An sanar da duniya filin Lusail na mutum 80,000 ne, sai ga shi a wasan Ajantina da Saudiyya an ce 88,012 suka shiga. Mutane suka fara tambaya, daga baya aka gyara adadin filin zuwa 88,966, kuma daidai wannan adadin aka sanar a wasan ƙarshe. Ko FIFA ma ke nan sai da lissafin ya so ya kuɓuce mata.

Sai kuma salo na uku, wanda mu muka fi sani: cikar kyauta. Ranar 29 ga Maris 2022, Najeriya za ta karɓi Ghana a filin Moshood Abiola na Abuja, mai ɗaukar kimanin 60,000, a wasan neman zuwa kofin duniya. Gwamnatin tarayya ta sayi tikiti 20,000 don a raba kyauta, aka kuma sallami ma'aikata da wuri. Fili ya cika ya tumbatsa. Aka tashi 1-1, Ghana ta wuce, fusatattun 'yan kallo suka faɗa cikin fili suka yi ɓarna. An tara jama'a, amma shirin riƙe su bai kai yawansu ba.

Yanzu mu koma Ƙofar Mata da duk wannan a kanmu.

Babu mai musun cewa 'yan kallon Kano dukiya ne. A faɗin Najeriya ana sa Pillars a sahun gaba wajen tara jama'a, a lig ɗin da wasu ƙungiyoyi ke buga wasa kujeru sun fi mutane yawa. Wannan taron ya taimaka wajen ɗaukar lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ya taimaka a 2009, da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga kofin zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Shi ne kuma ƙashin bayan tarihin nan na shekara 12, wasa 202, ba a ci Pillars a gida a lig ba, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta karya shi da 2-1. Zamanin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali Pele, baƙo in ya fito daga ɗakin canza kaya ya ɗaga kai ya ga jama'a, tun daga nan gwiwarsa ke sanyi.

Mun kuma ga yadda rashinsa yake. A 2020, da korona ta zo, filin Sani Abacha ya koma cibiyar killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Ko da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, Kanawa ba su samu kallonsa a Ƙofar Mata ba a wancan zuwan. Da aka dawo gida a Afrilun 2022, a wasa da Katsina United, rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta ci tarar Pillars naira miliyan 9, ta cire mata maki 3, ta kuma kora ta Abuja. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo. Taron da ya ɗaga mu, shi ne ya taimaka wajen kayar da mu a ranar da ba a iya sarrafa shi ba.

Sai batun kuɗi, tambayar dattijon nan. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce, daga baitulmali ake ɗaukar nauyinta. Bari mu yi lissafin wasa, misali kawai. A ce mutum 16,000 sun shiga, kowa ya biya naira 500. Naira miliyan 8 ke nan a wasa ɗaya. A ce kuma rabinsu irina ne lokacin ƙuruciya, 'yan "Baba shiga da ni". Miliyan 4 ta tafi. Ka ninka wannan sau 19, yawan wasannin gida a kaka ɗaya, ka ga abin da ake magana a kai. Sannan duk kamfanin da za ka je wa neman talla, abu na farko da zai tambaye ka shi ne mutum nawa ke zuwa kallonka. "Wallahi cika yake maƙil" ba amsa ba ce a ofis. Lamba suke so.

Na san wani zai ce, to talaka fa? Yaron Ƙauyen Alu da ba shi da ko sisi, a hana shi ganin ƙungiyar garinsu? A'a, ni ne na ƙarshe da zan faɗi haka. A ware wa yara da 'yan makaranta wani sashe, a ba su tikiti kyauta ko a rahusa, amma tikiti dai, mai lamba, wanda za a ƙirga. Kyauta ba laifi ba ce. Shiga ba lissafi ne matsalar, domin wanda ba a ƙirga shigarsa ba, ba a tanadar masa hanyar fita ba.

Don haka in aka sake tambayata a teburin mai shayi yaushe fili ya cika, amsata ita ce: lokacin da tikitin da aka fitar, da kujerun da ke ciki, da mutanen da suka shiga suka zo daidai, aka rufe ƙofa, aka ba na waje haƙuri, kuma bayan an tashi kowa ya koma gida da takalmansa biyu. Jin "tikiti ya ƙare" akwai ciwo, musamman in ka taso tun daga Tarauni cikin rana. Amma gara ka juyo ka kalla a waya da a ɗauko ka a makara.

Ku kuma fa? Wace rana ce kuka ga Ƙofar Mata ta fi cika a rayuwarku, kuma ta wace hanya kuka shiga? Ku faɗi gaskiya, ba za mu kai ƙararku ba. Ku ajiye mana labarinku a ƙasa, ku kuma tura wa abokin nan naku da kullum yake rantsuwa fili ya cika.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Sai Masu Gida! Na bar ku lafiya.